TSEREN MOTOCI NA FARIS-DAKAR A ƘASAR AZBIN: TARIHIN WANI FAGEN SUKUWA DA YA SHUƊE

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin tsere. Tun kafin a ji ƙugin mota a ƙasar nan, 'ya'yan sarakuna da barade kan yi sukuwa da dawaki a ranakun salla da na naɗin sarauta, Buzaye kuma kan yi tasu da raƙuma. Da Turawa suka zo sai suka keɓe wa abin fili na musamman a manyan garuruwa, shi ya sa har yau in aka ce Filin Sukuwa a Kano kowa ya san inda ake nufi. Amma tseren motoci bai taɓa samun gindin zama a wajenmu ba. Abin da ya ɗan yi kama da shi a Arewacin Nijeriya shi ne tseren da akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu. Saboda haka in aka tari matashi a bakin titin Jekadafari aka nuna masa alamar nan ta kan mutum mai rawani da amawali, wadda akan gani liƙe a jikin wasu motoci da babura da kalmar Dakar a ƙarƙashinta, zai yi wuya ya iya faɗin asalinta. Ba zai kawo a ransa cewa mai rawanin nan maƙwabcinsa ba ne, kuma fagen da alamar ta yi suna a cikinsa yana nan arewa da mu, a ƙasar da Hausa ce harshen kasuwarta.

Wannan maƙala za ta bi tarihin wannan fage ne, watau hanyar rairayi da tsakuwa da ta taso daga iyakar Aljeriya ta biyo ta Arlit da Agadas, ta ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku da Bilma, wani reshenta kuma ya gangaro Tawa da Yamai. Fage ne marar katanga, marar rumfar 'yan kallo, amma kusan shekara ashirin idon duniya na komawa kansa a duk watan Janairu. Yau an bar shi, tseren ya ƙaura zuwa wata nahiya da sunansa da alamarsa.

Kafin Zuwan Motoci

Ya kamata mu fara da gyara wata fahimta da 'yan jaridun Turai suka yaɗa a lokacin da tseren yake tashe, cewa Tenere wuri ne da babu kowa, babu hanya. Wannan magana ta baƙo ce. Ƙarnuka da dama Azbinawa suna haɗa ayarin raƙuma dubbai a ƙarshen damina, su tashi daga duwatsun Azbin ɗauke da gero, su ratsa kimanin kilomita 600 ta Fashi zuwa Bilma, su sauya geron da gishiri da dabino. Kantun gishirin nan shi ne ke gangarowa Damagaram da Katsina da Kano, daga nan fatake su watsa shi cikin ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Madugu da jagaban ayari ba su da taswira. Taurari da launin rairayi da yadda iska ta kwantar da tuddai su ne littafinsu, kuma kuskuren yini guda kan iya halaka ayari sukutum. Ashe ke nan hanya tana nan, masu saninta ma suna nan, sai dai ba a rubuta ta a takarda ba.

Mota ta fara leƙo wannan yanki ne a zamanin mulkin mallakar Faransa. Tsakanin Disamba 1922 da Janairu 1923 motocin kamfanin Citroën masu ƙafafun sarƙa suka ƙetare Sahara daga Aljeriya zuwa Tambutu. A 1924 kamfanin ya sake tura wani ayarin da ya biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram ya nufi Tabkin Cadi. Can kuma wajen 1959 zuwa 1960 manyan motocin Berliet suka ratsa Tenere kanta. Duk waɗannan tafiye-tafiye manufarsu guda ce, tallar mota da nuna wa duniya cewa Faransa ta mallaki hamada. Za mu ga cewa wannan manufa ba ta canza sosai ba ko da aka sauke tutar mulkin mallaka a 1960.

Akwai wani abin da ya faru a 1973 wanda ya zama kamar ishara. A tsakiyar Tenere akwai wata bishiyar ƙaya guda ɗaya tak, wadda babu wata kusa da ita sai an yi tafiya mai nisa ƙwarai. Masu ayari suna girmama ta, ba mai karya reshenta don hura wuta, ba mai barin raƙuminsa ya ci ganyenta. A wannan shekara wani direban babbar mota ya banke ta ta faɗi. Filin Allah ga shi nan iya ganinka, amma sai da mota ta sami abu ɗaya da ke tsaye ta kayar. An kwashi gangar bishiyar zuwa gidan tarihi na Yamai a watan Nuwamba na shekarar, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Wani tseren da ya taɓo ƙasar Hausa kai tsaye shi ne wanda aka shirya a 1974 albarkacin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya da aka yi a Jamus. Motoci da dama suka tashi daga Landan a watan Mayu, da shirin su ƙetare Sahara su zo Kano, su juya su koma Munik. Kuskure a takardar kwatancen hanya ya sa mafi yawansu suka ɓace a kudancin Aljeriya. 'Yan ƙalilan ne suka iso Kano, 19 kacal suka kai Munik, wasu 'yan Ostareliya cikin mota Citroën suka zo na ɗaya. Kano ba ta sake ganin irin wannan ba, domin tseren Faris-Dakar da ya biyo baya bai taɓa shigowa Nijeriya ba.

Mutumin da Ya Ɓace Ya Dawo da Jama'a

Asalin tseren Faris-Dakar yana komawa ga wani matashi Bafaranshe mai suna Thierry Sabine. A 1977 yana cikin wani tsere daga Abijan zuwa Nis a kan babur, sai ya saki hanya a can kan iyakar Nijar da Libiya. Ya yi kwanaki yana galabaita kafin jirgin sama ya hango shi. Wani in ya tsira daga irin wannan sai ya yi sadaka ya rantse shi da hamada har abada. Shi kuwa sai ya koma gida da shawarar ya kwaso 'yan'uwansa su zo su ɗanɗana abin da ya ɗanɗana, su kuma biya kuɗi a kan haka.

Ranar 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga birnin Faris. Aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasat, suka shigo Nijar ta Arlit, suka sauka Agadas, daga nan suka nufi Yamai, sannan Gawo da Bamako. Ranar 14 ga Janairu 1979 guda 74 suka isa Dakar bayan tafiyar kusan kilomita 10,000, wani saurayi Cyril Neveu a kan babur Yamaha ya zo kan gaba. Galibin waɗanda suka shiga a wannan karo 'yan sha'awa ne, kowa da tsohuwar motarsa da ya gyara a gida. Abin ya daɗa suna a 1982 sa'ad da Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Ingila ta lokacin, ya ɓace kwana shida a kudancin Aljeriya cikin mota Peugeot 504, irin wadda muke kira Fijo, har sai da jirgin sojan Aljeriya ya gano shi. Ɓatan ɗan masu mulki ya yi wa tseren tallar da kuɗi ba za su saya ba.

Shekarar 1983 ce ta ɗaura auren tseren da ƙasar Azbin. A wannan karo ne Sabine ya fara shigar da 'yan tsere cikin Tenere sosai. Guguwar rairayi ta taso ta rufe sama da ƙasa, 'yan tsere wajen 40 suka watse, wasu suka yi nisa ƙwarai daga hanya. Sabine ya shiga jirgi mai saukar ungulu ya yi ta shawagi, cikin kwana huɗu aka tattaro su duka da rai. Jacky Ickx na Beljiyam ya ci ɓangaren motoci da Mercedes, Hubert Auriol ya ci na babura. Tun daga nan sunan Tenere ya shiga bakin mutanen Turai, kuma daga wannan shekara har zuwa 1991 da wuya Janairu ya wuce ba a ga ayarin tseren a Nijar ba. Muna roƙon mai karatu ya riƙe wannan lissafi na mutum 40 da kwana huɗu, domin za mu bukace shi a gaba.

Agadas a Kakar Tsere

A nan ne ya dace mu daɗe, domin ba a fahimtar tarihin fage sai an dubi garin da ya ɗauki nauyinsa. Agadas tsohon birni ne, mazaunin Sarkin Azbin, mai masallacin nan na ƙasa da hasumiyarsa ta kai mita 27, wanda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16. Buzaye ne masu sarauta da daji, amma Hausa ake ji a kasuwa da lunguna. Lokacin da tseren ya iso, garin yana cikin wani hali mai wuyar fassara. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobin makiyaya ya koro su gefen gari. A gefe guda kuma an fara haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, kuɗinsa suka sa gwamnatin Seyni Kountché ta shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas da Arlit. Ga dukiya tana wucewa ta kan titi, ga samari waɗanda suka san daji kamar tafin hannunsu suna zaune babu raƙumi babu aiki.

Cikin waɗannan samari aka sami Mano Dayak, wanda aka haifa a kwarin Tiden da ke arewa da Agadas, ya yi karatu har Amurka da Faransa. A cikin shekarun 1970 ya kafa kamfanin yawon buɗe ido mai suna Temet a Agadas, ya ɗebi 'yan'uwansa ya mayar da su direbobi da 'yan jagora da masu dafa abinci. Shi ya zama abokin Sabine kuma idonsa a hamada. Mutanensa ke shiga gaba su duba hanya, su kai gangunan mai inda za a bukace su, su nemo wanda ya ɓace. Shi kansa ya shiga tseren a matsayin ɗan takara. Idan aka ce Sabine ya san Tenere, to da idon Buzaye ya san ta, ko da yake hotonsa ne cikin fararen kaya jaridu suka fi bugawa.

Sau da yawa a Agadas ake yin hutun tsakiyar tsere. Sai a wayi gari filin jirgin sama ya cika da ƙananan jirage, bayan gari ya zama zango guda na ɗaruruwan motoci da tantuna, makanikai suna kwana suna kwance inji a ƙarƙashin fitilu. Masu gidaje kan koma wajen dangi su ba da nasu haya, kuma abin da mutum zai samu a kwana biyu ko uku kan riƙe shi watanni. Maƙeran azurfa masu ƙera sarƙar nan da ake kira kuros ɗin Agadas, da dukawa, da masu gasa nama, da masu wankin kaya, da yara masu nuna hanya, kowa yana da rabonsa. In ayari ya tashi kuma a bar tayoyi da gangunan mai da motocin da suka mutu, waɗanda makanikan gari kan farfaɗo da su ko su yi musu gunduwa-gunduwa. Babbar ribar ma ba a kwanakin tseren take ba. Hotunan da gidajen talabijin na Faransa ke nunawa kowane dare su ne suka jawo 'yan yawon buɗe ido a sauran watannin sanyi. A zamanin ne kuma cinikin tsofaffin motoci ya bunƙasa, inda samarin Turai kan tuƙo Fijo 504 ta cikin Aljeriya su sayar a Arlit ko Agadas ko Yamai su hau jirgi su koma gida.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. A kwanakin tsere farashin komai kan tashi, talakan da ba shi da abin sayarwa sai ya sayi tsada kawai. Motoci ɗaruruwa masu gudu kan farfasa hanyoyin ƙasa da jama'a ke bi duk shekara, ba kuwa masu tseren ke gyara su ba. Abin ya fi muni a Janairun 1985. Damunar 1984 ta ƙi, yunwa ta game Nijar, ga shi gwamnatin soja ta Nijeriya ta rufe iyakokinta tun watan Afrilu, har mutanen Nijar suka laƙaba wa wannan yunwa suna El-Buhari. Cikin wannan hali ayarin tseren ya ratsa ƙasar, cikin waɗanda suka shiga tseren shekarar har da 'ya'yan Sarkin Monako, Yarima Albert da Gimbiya Caroline. Ba sai an yi dogon sharhi ba a kan yadda makiyayin da ya binne 'ya'yansa ya rasa garkensa zai kalli motar da ke shan man da kuɗinsa zai ciyar da zangonsu wata guda. Masu shirya tseren sun ji zafin sukar da aka yi musu, suka ɓullo da shirin raba injinan ban ruwa a ƙauyukan da suke ratsawa. Taimako ne, ba mu raina shi ba, amma in aka auna shi da abin da kamfanonin mota da na taba sigari suke kashewa a kan tallarsu, bai fi cikin cokali ba.

Wannan shiri na injinan ruwa shi ya kawo mawaƙin Faransa Daniel Balavoine cikin tseren 1986, shekarar da ayarin ya gangaro daga Dirku ya kwana Damagaram kafin ya wuce Yamai. Ranar 14 ga Janairu, da almuru, jirgi mai saukar ungulu da ke ɗauke da shi da Sabine da wasu mutum uku ya faɗi kusa da Gurma-Rarus a ƙasar Mali, babu wanda ya fita. Aka ƙona gawar Sabine bisa al'adarsu, aka kawo tokar aka watsa a gindin wata bishiya da ke arewacin Tenere, wadda tun daga nan taswirori suke kiranta da sunansa. Mahaifinsa Gilbert ya karɓi ragamar tseren.

Zamanin Manyan Kamfanoni

Bayan mutuwar Sabine tseren ya tashi daga hannun 'yan sha'awa ya koma na kamfanoni. A ƙarshen 1986 aka haramta wani rukunin motoci masu tsananin gudu a gasar duniya saboda yawan haɗari, sai kamfanin Peugeot ya kwaso nasa ya kawo su hamada, tare da rundunar makanikai da jiragen ɗaukar kayan gyara. Ya ci tseren sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990, uku daga ciki ta hannun Ari Vatanen ɗan ƙasar Finlan. A daidai wannan lokaci masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, tana cika titunanmu da 504, saboda haka nasarar ta yi wa direbobinmu daɗi, ko da yake in ban da tambarin zaki babu abin da ya haɗa motar tseren da tasu. Yadda abin ya zama kasuwanci zalla ya fito fili a 1989 a Gawo, inda shugaban tawagar kamfanin, Jean Todt, ya ga direbobinsa biyu, Vatanen da Ickx, suna neman halaka kansu wajen tsere da juna, sai ya jefa kwabo sama ya zaɓi wanda zai ci.

Tseren 1988 shi ne mafi girma a wannan zamani, da motoci da babura sama da 600, an kuma zubar da jini da yawa a cikinsa. A Tenere wata babbar motar kamfanin DAF mai inji biyu ta yi tsalle a kan tudun rairayi tana gudun da ya haura kilomita 150 a awa, ta wuntsila, ɗaya daga cikin mutanenta ya mutu, kamfanin ya janye nan take. A garin Kita na Mali motar tsere ta take wata yarinya 'yar shekara 10. A Muritaniya motar masu ɗaukar hoto ta kashe wata mata da 'yarta. Jaridar fadar Paparoma ta yi tir da tseren, ta kira shi baje kolin dukiya da ƙarfi a inda mutane ke mutuwa da yunwa da ƙishirwa. Abin lura a nan shi ne yadda ake ba da labarin mamatan. Ɗan tsere in ya mutu akan faɗi sunansa da garinsu da irin motarsa, a tsaya shiru dominsa a zango. Ɗan ƙasa kuwa sau da yawa layi ɗaya yake samu a ƙarshen rahoto, a ce wani yaro ya tsallaka hanya. Kai ka ce shi ne ya shigo musu fili, alhali a ƙofar gidansu aka same shi.

Tawaye, Sulhu da Janyewa

Abin da ya kashe fagen Azbin bai zo daga cikin tseren ba. A watan Mayu 1990 rikici ya ɓarke a Cin-Tabaradan tsakanin sojoji da Buzayen da suka dawo daga Libiya da Aljeriya, aka kashe fararen hula da dama, daga nan tawaye ya kunno kai. A tseren 1991 aka harbe direban wata motar kayan gyara a arewacin Mali. A 1992, shekarar da aka fara amfani da na'urar da ke karɓo kwatance daga tauraron ɗan'adam, tseren ya nufi Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, ya bi ta Dirku da Ngigmi ya faɗa Cadi. Na'urar nan kuwa ita ce ta fara rage wa ɗan jagora daraja, tunda abin da kakanninsa suka tara a ƙwaƙwalwa yanzu ga shi a cikin akwati. Daga nan sai tseren ya kauce wa Nijar shekara huɗu, ya koma bin Maroko da Muritaniya, a cikin waɗannan shekaru ne kuma kamfanin Amaury, mai shirya tseren kekuna na Faransa, ya saye shi.

Mano Dayak ya ajiye yawon buɗe ido ya zama ɗaya daga cikin shugabannin tawaye, wasu daga cikin direbobinsa suka bi shi da motocinsu. Sanin hamadar da ya yi wa 'yan tsere amfani shi ne ya koma makamin yaƙi. An sa hannu a kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilu 1995, amma ranar 15 ga Disamba na wannan shekara jirgin da ya ɗauko Mano Dayak zuwa wata tattaunawa ya faɗi a duwatsun Azbin jim kaɗan da tashinsa. Shi da abokinsa Sabine ajali iri ɗaya ya ɗauke su, shekara goma tsakani. Filin jirgin saman Agadas sunansa yake ɗauke da shi yanzu.

A Janairun 1997 aka shirya tseren ya tashi daga Dakar ya zo Agadas ya juya, domin a nuna cewa zaman lafiya ya dawo. Kenjiro Shinozuka ya ci da Mitsubishi, ya zama Bajapane na farko da ya yi haka, Jutta Kleinschmidt ta Jamus kuma ta zama mace ta farko da ta ci zango guda a tarihin tseren. Mutanen Agadas sun yi murna, sun ɗauka kakarsu ce ta dawo. Ba su san ban kwana ake yi da su ba.

A shekarar 2000 aka tsara hanya daga Dakar zuwa Alƙahira, wadda za ta ratsa Nijar daga Yamai har iyakar Libiya. Shugaba Mamadou Tandja bai yi wata guda a kan mulki ba, jama'ar arewa sun yi tanadi, masu masauki sun sayi kaya. Ayarin yana isa Yamai sai masu shirya shi suka ba da sanarwar cewa hukumomin Faransa sun gargaɗe su game da wasu 'yan bindiga daga Aljeriya da ke shirin yi musu kwanton ɓauna. Aka soke dukkan zangunan Nijar, aka ɗauko manyan jiragen dakon kaya na Antonov suka yi kwanaki suna jigilar motoci da mutane daga Yamai zuwa Sabha ta Libiya. Tseren da ya yi suna da ratsa Tenere ya tsallake ta ta sama, kuma bai sake taka ƙasar Nijar ba. Sauran labarin gajere ne. Ranar 24 ga Disamba 2007 aka kashe Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido kusa da Alag a Muritaniya, ranar 4 ga Janairu 2008 aka soke tseren shekarar ana gobe za a tashi daga Lisbon. A 2009 aka mayar da shi Ajantina da Cile, a 2020 kuma Saudiyya. Har yanzu Dakar ake kiransa, mai rawanin nan kuma yana nan a jikin tutarsa.

Abin da Ya Gaji Fagen

Filin sukuwa in ya mutu a gari akan yanka shi fuloti, ko ciyawa ta cinye shi. Na Azbin bai samu ko ɗaya ba, domin hanya ce, hanya kuwa ba ta rasa mabiya. Yawon buɗe ido ya ɗan farfaɗo a farkon shekarun 2000, sai tawaye na biyu ya tashi daga 2007 zuwa 2009, sannan a watan Satumba 2010 aka sace baƙi bakwai a Arlit, biyar daga cikinsu Faransawa. Daga nan ƙafar baƙi ta ɗauke. Ko da Hukumar UNESCO ta sa tsohon birnin Agadas cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, babu masu zuwa kallo.

Direbobi da 'yan jagora da 'ya'yansu suna nan, motoci masu jan ƙafa huɗu suna nan, sanin hanya yana nan. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011 sai suka juya ga jigilar 'yan ci-rani masu neman shiga Libiya, wasunsu da niyyar ƙetara teku zuwa Turai, cikinsu har da 'yan Nijeriya masu yawa. Wasu kuma suka nufi Jado da aka gano zinariya a 2014. Akori-kurar Toyota Hilux, wadda akan danƙara wa mutum ashirin da wani abu kowa ya rungume sanda don kada ya faɗo, ita ta gaji motar tsere a kan hanyar Agadas zuwa Dirku. Gudun ma bai ragu ba, sai dai yanzu babu jirgi mai saukar ungulu da ke bin sawu.

A watan Oktoba 2013 motoci biyu suka lalace arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, watau yankin da tseren farko ya shigo ta cikinsa a 1979. Da aka kai ga wurin an tsinci gawa 92, 52 daga ciki yara ne, 33 mata. Yawancinsu Hausawa ne daga yankin Kance na jihar Damagaram, suna kan hanyar zuwa Aljeriya neman abin sawa a baka. Ƙishirwa ce ta kashe su, kuma sun yi kwanaki da mutuwa kafin a iske su. A 1983 an nemo mutum 40 cikin kwana huɗu a tsakiyar guguwa.

A watan Mayu 2015 Nijar ta kafa dokar haramta safarar 'yan ci-rani, bisa matsin lambar ƙasashen Turai, aka kama direbobi aka ƙwace motoci. Waɗanda suka ci gaba da sana'ar sai suka riƙa kauce wa rijiyoyi da shingayen jami'an tsaro suna bin tsakiyar hamada, inda in mota ta mutu babu mai wucewa. Gwamnatin sojan da ta hau mulki a watan Yuli 2023 ta soke dokar a watan Nuwamba na wannan shekara, motoci suka koma fita daga Agadas a bainar jama'a, a jere, da rakiyar soja, su kama hanyar Dirku.